Yadda Ake Haɗa Kayan Fursunan Littafin Zane Domin Kosfile

Fursunan da ake gani a littattafan labarai masu zane-zane shiga biyu yake yi: ko dai riga da wando masu ratsin baƙi da fari, ko kuma obarol ruwan lemo irin ta makanikai. Mai ratsin ta samo asali ne daga gidajen yarin Amurka a ƙarni na 19, kuma jihar New York ta daina amfani da ita a 1904, amma masu zane ba su sake ta ba, domin ana gane ta tun daga nesa. A ganina ita ce ta fi dacewa da mai shirin kosfile a Abuja, wato yin shiga irin ta wani mutum na cikin littafi ko fim domin nishaɗi.

Za a buƙaci farin yadin auduga mara nauyi, kamar yadi huɗu ga babban mutum, wanda ba ya wuyar samu a kasuwar Wuse. A wanke shi a goge kafin a kai wa tela, domin auduga tana tsukewa a wankin farko. A ce wa tela ya yanka riga mai faɗi marar kwala, da wando mai zariya, da ƙaramar hula, amma kada ya ɗinke su tukuna.

Aikin ratsi shi ne inda ake bukatar haƙuri. A shimfiɗa kowane yanki a kan kwali, a manna salatif na takarda a kwance, ana barin tazarar inci 2 zuwa 3, a danne gefensa da farce sosai don kada fenti ya kurɗa ta ƙasa. Sai a tsoma soso a baƙin fentin yadi a riƙa dangwalawa, ba gogawa ba. A cire salatif tun fentin yana da ɗan danshi, a bar shi ya kwana ya bushe, sannan a goge ta baya da dutsen guga domin launin ya kama. Wajen ɗinki kuwa, a roƙi tela ya sa ratsin gaba ya haɗu da na baya a kafaɗa da gefe, domin nan ne idon mai kallo yake fara sauka.

Abin da ke mayar da kayan na littafin zane shi ne baƙin layi mai kauri da ake bi da shi bakin wuya da aljihu da hannu, har da ƴan layukan da ke nuna lanƙwasar tufa a gwiwa, kamar da alƙalami aka zana mutumin. Lambar ƙirji a huda ta a kwali, a dangwala ta manya-manya. Mari da sarƙa a yi su da soso ko roba, ƙwallon da ake ɗaurawa a ƙarshen sarƙar kuma a samo na yara a shafe shi da baƙi, a ƙafa ɗaya kawai.

Kada a kwaikwayi tufafin Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya, kuma kada a fito daga gida da shigar. Tun harin gidan yarin Kuje na Yulin 2022, jami'an tsaro a Abuja ba sa wasa da irin wannan. A zuba kayan a jaka, a sa su a wurin taro, a cire kafin a hau titi.