Yadda Ake Rufe Ƙaramin Samfuri Da Tef Idan Za A Fesa Masa Launi Fiye Da Ɗaya

Sababbin shiga harkar fentin ƙananan samfuran roba, irin na jiragen sama, a wuri biyu suke ɓata aiki: ko fenti ya kutsa ta ƙarƙashin tef layi ya fito da gemu, ko a zo ɓare tef ya taho da launin farko. Duka biyun gaggawa ce ke jawo su, ba ƙarancin kayan aiki ba.

Da farko ka tsara jerin launukanka. Mai haske ake fara fesawa, mai duhu ya biyo baya, domin fari da rawaya ba sa rufe baƙi sai an jibga su, jibgin kuma yana cike ƙananan zanen da ke jikin samfurin. Ɗauki ratsin da aka yi wa jiragen saman sojojin ƙawance lokacin mamayar Normandi ta ƙasar Faransa a 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu: ratsi biyar ne, uku farare biyu baƙaƙe, kowanne inci 18 a jirgi mai inji ɗaya. A sikelin 1:48, wato samfurin da aka rage girman jirgin gaske sau 48, wannan ya kama milimita 9.5, a 1:72 kuma kusan 6.4. Sai ka feshe wurin duka da fari, ka rufe ratsi ukun, ka fesa baƙi a biyun da suka rage.

Kada tef ya taɓa fentin da bai nuna ba. Fentin akirilik yana bushewa a sama cikin minti 20 zuwa 30, amma cikinsa ɗanye ne. Ba shi awa 24. Fentin inamel, awa 48 ko fiye. Idan ba a wanke robar da ruwan sabulu an fesa fentin shimfiɗa, wato hawan farko da ke sa launi ya kama jiki, tun farko ba, ko sati ka jira sai ya ɓare.

Tef ɗin takarda mai launin rawaya irin na kamfanin Tamiya shi ne na wannan aiki. Yana zuwa da faɗin milimita 6, 10, 18 da 40. Ba sai ka sayi duka ba. Sayi mai faɗi ka riƙa yanka abin da kake so, ya fi araha. Tef ɗin masu fentin gini ya cika danƙo da kauri, a bar shi ga cike tsakiya, shi ma a kan takarda.

Yanzu ga inda aikin yake, wato bakin tef. Bakin da ya zo da shi daga kamfani ya kwashi ƙura da zare, don haka kada ka amince da shi. Manna tef a kan gilashi, ɗora rular ƙarfe, ka yanke sabon baki da sabuwar reza. Mannawar nan tana kuma rage masa danƙo, abin da ake so ke nan. Ka fitar da siririn tef mai milimita 2 ko 3, da shi za ka bi layin, sannan ka cike bayansa da manyan guntaye. Wanda ya ce da faffaɗan tef zai zagaye cikin jirgi, zai ga ya tattare, kowace tattara kuwa ƙofa ce ga fenti.

Bi bakin da tsinken sakace kana dannawa a hankali, musamman inda tef ya tsallake wani zane mai zurfi ko kan ƙusa. Nan fenti yake bi ya shige. Tura tef ɗin cikin ramin da kan tsinken har sai ka ga siffar zanen ta fito a bayansa.

Sai matakin da mutane suka fi tsallakewa: kafin sabon launi, fesa ɗan siririn launin da ke ƙasa a kan bakin tef. Idan akwai kafa, shi zai shiga ya toshe ta, kuma ba za a gani ba tunda launi ɗaya ne. Fenti garai marar launi ma yana yi. Minti 15 ya ishe shi.

Wajen feshi, ƙarfin iskar bindigar feshi kada ya wuce PSI 15 zuwa 20 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne). Bakin bindigar feshi ya dubi jikin samfurin kai tsaye, ko ya karkato daga kan tef zuwa fili. Kada ka fesa kana tunkarar bakin tef. Hawa na farko ya zama kamar hazo, ka ƙara biyu ko uku sirara. Da ka ga fenti yana sheƙi ya taru a gefen tef, ka yi yawa, zai bar tudu.

Launin ɓad-da-kama mai lallausan baki ba ya son tef. Murza Blu Tack, wani danƙo mai laushi da ake manna takarda da shi a bango, ya zama igiya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, shimfiɗa a kan layin, cike tsakiya da takarda, ka fesa daga sama tsaye. Ƙarin kaurin igiya, ƙarin laushin baki. Ruwan rufewa irin Maskol kuwa, wanda ake shafawa ya bushe kamar roba daga baya a ɓare shi, na lungu ne da tayoyi. Yawancin irinsa yana ɗauke da amoniya mai iya cin akirilik, sai ka gwada a kan wata roba tukuna, kuma da tsinke ake shafa shi, yana kashe buroshi.

Cire tef da zarar fenti ya daina kama yatsa, kada ya kwana biyu a jiki. Naɗe shi baya a kan kansa, kana ja a hankali nesa da sabon launin. In ya fara ɗago fenti, tsaya ka bi layin da reza sama-sama. Ɗan tudun da ya rage, bayan kwana ɗaya ka goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 2000, ka bi da fenti garai.