Yadda za ka zaɓi hanyar keken dutse a tsaunukan Alps

Idan za ka yi hutun bazarar Turai a kan keke, kada ka zaɓi hanya don hotonta ya burge ka.

1. Tsayar da lokaci. Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba ne dusar ƙanƙara ke sakin yawancin hanyoyin saman tsaunuka.

2. Koyi ma'aunin wahala. A Faransa launi ake bi: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, ja, baƙi. A Jamus da Ostiriya za ka ga S0 zuwa S5. S0 shimfiɗaɗɗiya ce, S2 tana da saiwoyi da duwatsu, daga S3 kuwa sai gwanaye. Ranar farko ka sauko mataki ɗaya ƙasa da abin da kake jin ka iya. Girman kai ba ya taka birki.

3. Buɗe manhajar taswira ta Komoot ko Trailforks, ka duba yawan hawa kafin tsawon hanya. Kilomita 25 mai hawan mita 1,000 ta fi kilomita 50 a fili cin ƙarfi. A wurare irin su garin Morzine na Faransa, ka tabbata hanyar ta hawa da sauka ce, domin da yawa an yi su ne don masu gangarowa kawai.

4. Bi doka. A Ostiriya ba a shiga daji da keke sai a hanyar da aka amince.

5. Fita da sassafe, saboda hadari kan taso da rana tsaka zuwa la'asar. Sauke taswira a wayarka, ka riƙe lambar gaggawa 112.