Cajin gyaran layi bayan sauya kamfani: kurakuran da aka fi yi

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum ya bar kamfanin waya da intanet ɗinsa ya koma wani, ba a yi sati ba layi ya fara yankewa. Ya kira, aka turo injiniya, ƙarshen wata sai ga cajin gyara a bil. Sai a hau kumfar baki, alhali tun kafin injiniya ya ƙwanƙwasa ƙofa aka yi sake.

Babban kuskuren shi ne rashin sanin inda iyaka take. A tsarin da aka saba, kebul daga titi zuwa soket na farko a cikin gida haƙƙin kamfani ne. Idan faiba ce, wato kebul mai ɗaukar intanet da haske, iyakar ita ce ƙaramin akwatin da ake kira ONT. Abin da ya wuce nan, wato ƙarin wayoyin da aka ja zuwa ɗakuna da sauran soket-soket, naka ne. Injiniya ya sami matsala a ɓangarenka, ko ya zo bai sami komai ba, kai za a caja. Shi ya sa ma'aikacin da ke ɗaukar ƙorafi yake karanta maka gargaɗin caji da sauri, kai kuma kana ta cewa to, to.

Kafin ka yarda a turo kowa, cire duk abin da ke jone da layin. Wasu manyan soket suna da ramin gwaji a bayan murfinsu. Kwance murfin, ka jona wayar girke mai igiya, ka saurara. Idan layin a mace yake ko ƙara tana nan a wurin, laifin ya fi karkata waje. Jona rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, a nan ma, ka haɗa kwamfuta da kebul, domin raunin Wi-Fi ba lalacewar layi ba ne. Ni awa 24 nake bari a haka, ina rubuta lokacin kowace yankewa. A faiba, fitilar da aka rubuta LOS a jikin akwatin ONT idan ta yi ja, haske ne ba ya isowa. Ɗauki hotonta.

Sauyin kansa yana da nasa tarkon. Wasu suna barin tsohuwar rauta a jone da saitin tsohon kamfani, su ce layi ya mutu. Wasu an mayar da wayarsu ta gida ta riƙa aiki ta intanet, ya kamata su jona ta a bayan rauta, amma tana nan a bango. Haba! A kan wannan za ka sa a taso da mota?

Ranar da injiniya ya zo, kada ka bar shi ya tafi ba ka tambaye shi ba: "Malam, a ina ka sami matsalar, me ka canza?" Idan ya hau turke ko ya tafi akwatin bakin titi, rubuta da lokaci. Wannan ce hujjarka mafi ƙarfi, don aikin da aka yi a waje ba naka ba ne, sai fa in kai ka lalata kebul ɗin.

Kuskure na biyu yana ƙona min rai: mutum ya fusata ya tsayar da biyan bil gaba ɗaya. Ka ba su makami da hannunka. Yanzu kai ake bi bashi, za su iya yanke layin, su ɗora tarar jinkiri, su miƙa ka ga masu karɓar bashi, maganar caji kuma ta bi ruwa. Biya kuɗin wata da ba ka musu a kai. Sannan ka rubuta imel: lambar asusunka, lambar ƙorafin, ranar sauyi, ranar da matsala ta fara, gwajin da ka yi. Ka ce kana musanta cajin, a jingine shi har a gama bincike, a turo maka bayanin da injiniya ya shigar. Sau da yawa a cikin bayanin nan gaskiya take fitowa. Idan layin lafiya yake har ranar sauyi, faɗi haka a jimlar farko.

Ƙananan kurakurai kuma: kiran tsohon kamfani ɓata lokaci ne, wanda kake biya yanzu shi ke da alhaki, ko da wani ne ya mallaki kebul ɗin. Rashin zama a gida ranar alƙawari yana iya jawo caji na daban. Alƙawarin "za mu cire" ta baki, ba a rubuce ba, iska ne.

Idan sun ƙi, nemi matsayarsu ta ƙarshe a rubuce, ka duba wa'adin da dokar ƙasarka ta sa, ka kai wa hukumar da ke sa ido kan sadarwa ko mai sasanci da aka amince da shi, tare da hotunan da imel ɗin bisa jerin kwanan wata.