Yadda ake gane ko babbar lamba tana rabuwa

Duk shekara idan jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ta matso, yaran da nake koya wa lissafi bayan Isha'i a unguwar Aboabo suna faɗuwa a wuri ɗaya. In na rubuta musu 7429 a allo, sai su duba ƙarshenta: mara ce, ba 5 ba ce, ba sifili ba. Su haɗa 7, 4, 2 da 9 su sami 22, wadda 3 ba ta raba ta. Nan take a ɗaga hannu, “Malam, firaim ce!” Wato wai babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Haka suke yi wa 91 ma, alhali 7 sau 13 ce.

Kafin ka fara gwaji, ka san inda za ka tsaya. Nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kusan kai taka. 86 sau 86 ya ba da 7396, 87 sau 87 kuma 7569, ya wuce. Ke nan in 7429 tana da mai raba ta, dole ɗaya daga ciki bai wuce 86 ba. Kuma ba kowace lamba za ka gwada ba, firaim kawai, su 23 ne daga 2 zuwa 83. Rubuta su a gefen takarda tun farko. Wanda ya ce zai riƙe su a ka, 17 ko 19 yake tsallakewa, na gani ba sau ɗaya ba.

Ga 7, 11 da 13 akwai yanke, saboda in ka ninka su ukun 1001 suke bayarwa. Ware lambobi uku na ƙarshe, 429, ka cire 7 da ta rage a gaba, saura 422. Raba da 7 saura 2, da 11 saura 4, da 13 saura 6. Tunda duk akwai saura, babu wadda ke raba 7429 cikin ukun, sun fita a bugu ɗaya.

Daga nan sai haƙuri, nan ne yara suke gajiya. Ni ba na yarda a ciro kalkuleta, ko da uban yaro ya sha wahalar sayo ta a kasuwar Kejetia ta Kumasi, don yaro yakan raba 7429 da 13 ya ga 571.46 ya ce ai ta kusa rabuwa. A yi da biro. 17 ta shiga sau 437 cif, babu saura. Kada ka koma kan babbar, 437 za ka ci gaba da fasawa: 19 sau 23.

Sauran mai sauƙi ne. Firaim uku daban-daban na nufin masu raba ta takwas: 1, 17, 19, 23, 323, 391, 437 da 7429. Haɗa bakwai na farko, 1211, bai kai ta ba, don haka gajiyayya ce, wato lambar da jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta gaza kai ta. Da ya zo daidai, da ta shiga sahun su 6, 28, 496 da 8128, lambobin da wannan jimillar ke zuwa daidai da su.