Shawara ga masu niyyar kai ƙananan yara Yankari

'Yan uwa iyaye, duk mai shirin kai iyalinsa gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi ya dubi lokacin rani, daga watan Disamba zuwa Afrilu, domin a lokacin ne ciyawa ke bushewa, dabbobi irin su giwa da ɓauna da gwanki kuma su taru a bakin kogin Gaji don shan ruwa. Ku nemi fita kallon dabbobi da sassafe, saboda yaro ba ya jure zaman mota a tsakiyar rana, dabbobin ma suna shigewa inuwa idan rana ta take.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne ruwan Wikki, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun, inda baƙi ke wanka. Ɗuminsa yana kusan digiri 31 dare da rana, kuma yana da haske har ana ganin yashin ƙasa, wanda hakan ke sa yaro ya ɗauka ba shi da zurfi, alhali kusa da mafarinsa yana iya shanye babba. Ku tsayar da yara a gefen da ruwan bai wuce gwiwa ba, babba yana riƙe da su, kada kuma a ɗora wa yayarsu wannan nauyin.

Birai a sansanin da baƙi ke sauka sun saba da mutane ƙwarai, suna fizge abinci daga hannun yaro, saboda haka a ci abinci a cikin ɗaki, a rufe ƙofa da tagogin mota. Ku sa wa yara kaya masu dogon hannu kuma masu haske, domin ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi.