Yadda ake gano inda marmot na tsibirin Vancouver yake zaune

Marmot ɗan uwan kurege ne, amma ya fi shi jiki sosai, babba yakan kai kilo 5 zuwa 7 kafin sanyi. Irin da ke tsibirin Vancouver na Kanada ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. A 2003 waɗanda suka rage a daji ba su kai 30 ba, shi ya sa kowane rami da aka rubuta a taswira yake da muhimmanci.

Kada a ɓata lokaci cikin kurmi. Mazauninsa filayen ciyawa ne a kan duwatsu, wajen mita 1,000 zuwa 1,500, musamman a yankin tafkunan Nanaimo, Dutsen Washington da gandun Strathcona.

Lokaci shi ne komai. Dabbar tana kwance a rami tana baccin sanyi kusan wata 7, daga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu ko Mayu. A farkon fitowarta, ramin da ta huda cikin dusar ƙanƙara yana nuna ainihin inda ta yi baccin sanyi, kuma babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi. A Yuli a koma don ƙirga 'ya'ya, waɗanda yawanci 3 ko 4 ne.

A isa da sassafe, a zauna nesa da madubin hangen nesa, a duba saman manyan duwatsu inda dabbobin suke shan hantsi. Jikinsu ruwan ƙasa ne mai duhu, da fari a hanci. In rana ta take, sai su shige. Daga nan a leƙa bakin ramin: sabuwar ƙasa da ɗanyen kashi alamar akwai mai gida, saƙar gizo-gizo kuwa alamar an daɗe da barinsa. A ɗauki lambar GPS, a kafa kyamara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga guda ɗaya a ce an sami sabon mazauni. Masu shekara 2 sukan bar gida su yi nisa, don haka ba a tabbatar da mazauni sai an ga 'ya'ya ko ramin baccin sanyi. Wuraren da aka sare itatuwa ma suna yaudara: marmot yakan tare a can, amma da bishiyoyi sun sake tasowa, kyarkeci da damisar dutse su sami maɓoya. Irin wannan wuri a ware shi daban a taswira, a sanar da Marmot Recovery Foundation, gidauniyar da ke aikin ceto wannan dabba, don a duba yiwuwar mayar da dabbar kan dutse.