Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓa wa mutane waƙoƙin sujada da littattafan Kirista

Shekarata 14 a ƙungiyar mawaƙa ta ikkilisiya, bakwai daga ciki ni ke zaɓen waƙoƙin da za a rera ranar Lahadi, kuma tunda mutane suka gane ina son karatu kusan kowane sati sai wani ya tare ni bayan an tashi sujada ya ce dan Allah wane littafi zan karanta. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne na gaji da ganin matasan da ake ɗora wa wannan aiki suna taka sawun da na taka na ƙone, ka yi magana yau, bayan wata uku wani sabo ya zo ya sake yin abu ɗaya.

Babban kuskure, wanda in ka gyara shi rabin matsalarka ta ƙare, shi ne ka zaɓi waƙa saboda daɗin muryarta ba ka zauna ka karanta kalmominta ba. Ka ji ta a YouTube ko wani ya turo ta a WhatsApp, jikinka ya yi yar, hawaye ya zo maka, shi ke nan gobe ka kai ta wurin koyon waƙa. Ni ma haka na yi. Akwai wata waƙa da na koya wa mawaƙanmu shekarun baya, kiɗanta kam ba a magana, amshinta yana shiga kai tun ji na farko, abin da take faɗi a taƙaice shi ne wanda yake bin Yesu da gaske ba zai ga kuka ba, cuta ba za ta shiga gidansa ba. Na ji kalmomin fa, ba wai ban ji ba, amma ban tsaya na auna su ba domin ganga ta riga ta tafi da ni. Muka rera ta Lahadi uku a jere. A benci na huɗu akwai wata mama da ta binne ɗanta bai kai wata biyu ba, matar da ba ta fashin addu'ar safe, muna tsalle muna tafi ita tana zaune kanta a sunkuye. Lahadi ta huɗu ba ta zo ba, ta biyar ma haka. Da muka je gaishe ta da wani dattijo, bayan an gama gaisuwa sai ta dube ni ta ce, ɗana, wato ni ba da gaske nake bin Yesu ba ke nan? Ban sami abin ce mata ba. Sai da ta yi wata biyar kafin ta sake shiga majami'a, kuma har yau in na tuna tambayar nan cikina yana juyawa.

Waƙar nan ƙarya take yi, kuma ni na sa ta a bakin mutum ɗari biyu. Yesu da bakinsa ya ce a duniya za mu sha wahala, duba Yohanna 16:33. Bulus da Sila da suke rera waƙa da tsakar dare a Filibi, a kurkuku suke, bayansu duk shatar bulala, ƙafafunsu a turu. Zabura 150 ce a Littafi Mai Tsarki kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da roƙo, Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, Zabura 88 kuwa har ta ƙare mai waƙar bai fita daga duhu ba, kuma Allah ya bar ta a cikin littafinsa. To kai wane ne da za ka tsara sujadar wata shida babu waƙa ko ɗaya da mai makoki zai iya rerawa ba tare da ya yi wa kansa ƙarya ba?

Kada wani ya ce mini ai waƙa ce kawai, fasto zai gyara a wa'azi. Haba. Wa'azin satin jiya mutum nawa ne za su iya maimaita maka kansa? Amma amshin waƙa yaro ɗan shekara biyar yana yi a wurin wasa, tsohuwa tana yi a gadon asibiti. Tun a ƙarni na 4 an san wannan. Ariyus, wani firist a Iskandariya ta ƙasar Masar, yana koyar da cewa Yesu, Ɗan Allah, halittacce ne, wai akwai lokacin da babu shi, sai ya zuba koyarwar cikin waƙoƙi masu sauƙi har ma'aikatan jirgin ruwa da masu niƙa suna rerawa a bakin aiki, rigimar da ta kai ga babban taron shugabannin ikkilisiya a birnin Nisiya a shekara ta 325. Agustin ma, babban malamin nan na Arewacin Afirka, ya rubuta cewa duk lokacin da daɗin murya ya fi motsa shi a kan abin da ake faɗi, yakan ji ya yi zunubi. Bulus ya ce zai rera waƙa da ruhu, zai kuma rera da hankali, 1 Korintiyawa 14:15. Mu mun riƙe na farkon mun yar da na biyun.

Abin da nake yi tun daga lokacin, ba doka ba ce, al'adata ce kawai: duk waƙar da ta burge ni sai na rubuta kalmominta a takarda da hannuna, na kashe kiɗan, na ajiye ta kwana uku, sannan na karanta da ƙarfi kamar wasiƙa. A gefen kowane baiti ina neman aya da zan rubuta. In na rasa aya, ko na ga an yi alkawarin da Allah bai yi ba, ko na ƙirga na ga "ni" da "nawa" sun cika takardar sunan Yesu sau ɗaya tak, waƙar ta tsaya a wayata ba za ta hau bagade ba. Sannan ina tuna fuskar mutum uku, wanda aka yi wa rasuwa, wanda ya daɗe yana ciwo, da sabon tuba, na tambayi kaina ko za su iya buɗe baki su faɗi wannan. Wasu abokan aikina suna cewa na cika tsanani. Na yarda, na fi son haka.

Sai masu ɗauko waƙa da tsayin muryar da mai ita ya ɗauke ta a faifai. Shi ƙwararre ne, a situdiyo yake, muryarsa tana hawa inda ta jama'a ba za ta kai ba. Yawancin mutane in an kama waƙa a C na kibod iyakarsu daga do zuwa do na sama, wato hawa takwas na murya, in an matsa su taɓa re, hawa ɗaya a samansa. Ka ce wa mai kibod ya sauke ta, ba abin kunya ba ne. In ka ga maza sun yi shiru sun harɗe hannu, ba taurin zuciya ba ne kullum, wani lokaci wuyansu ne ya kasa.

Sabbin waƙoƙi uku a sujada ɗaya, wannan ba sujada ba ce, kallo ne. Ni ɗaya nake shigarwa a wata, mu maimaita ta har ta zauna.

Sifika kuma a rage. In ba na jin muryar wanda ke kusa da ni to an yi yawa. John Wesley, mai wa'azin Ingila da ya kafa ɗarikar Methodist, tun 1761 ya gargaɗi mutanensa kada kowa ya daddage don a ji shi sama da sauran jama'a, a lokacin ma babu makirfon.

Fassara waƙa daga wani harshe zuwa Hausa, nan ma ana ɓarna ba kaɗan ba. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya, ba a cusa kalma cikin kiɗan da ba a yi shi dominta ba. Na taɓa jin an fassara wani amshi ana so a ce wa Ubangiji na ba ka duka, wato komai nawa, amma kiɗan ya ja gaɓar farko ta yi tsawo ta koma dukan da ake yi da sanda. Yara suna ta dariya a baya, manya sun rasa inda za su sa kansu. In za ka fassara, ka rera wa tsofaffi biyu da Hausa ta zauna a bakinsu kafin ka kai gaban jama'a, in kalma ta ƙi zama ka canza ta ko ka canza kiɗan.

Matasa masu raina littafin waƙoƙi wai na tsofaffi ne, ku saurara. Charles Wesley, ƙanen John Wesley, shi kaɗai ya rubuta waƙoƙi sama da 6,000, waɗanda ake rerawa yau ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba, ma'ana lokaci ya riga ya tankaɗe ya zubar da dusa, abin da ya rage a littafin tsaba ce. Waƙar da ta fito watan jiya ba ta shiga rariya ba tukuna. Ku kuma iyayenmu masu cewa duk abin da aka sa wa jita ba na Allah ba ne, Zabura 33:3 cewa ta yi a rera sabuwar waƙa, a kaɗa da gwaninta. Ni nakan haɗa su a sujada ɗaya.

Yanzu littattafai, kuma nan ne na sake yin ɓarnar da ta fi ta farko tsawon jinya. Kada ka taɓa miƙa wa mutum littafin da kai ba ka karanta ba har ƙarshe. Kada. Wani yaro da ya karɓi Yesu bai daɗe ba, mai ƙwazo, ko an ce a zo ƙarfe biyar na asuba shi ne na farko, ya ce yaya ina so in girma cikin addu'a. A ɗakina akwai wani littafi da aka ba ni kyauta, bangonsa mai kyau, sunan marubucin kowa ya san shi, na karanta babi na farko kawai na ga ba laifi sai na ba shi. Ashe daga babi na uku har ƙarshe zancen la'anar kakanni ne, kowane ciwon kai da kowace faɗuwa a jarabawa wai akwai wani a danginka da ya ɗaure ka. Bayan wata biyu yaron nan ya daina barci, ya daina zuwa gaida mahaifiyarsa, ya fara kallon matar da ta sha wahala a kansa a matsayin abokiyar gaba. Uwar ce ta zo ta same ni tana kuka tana cewa me kuka koya wa ɗana. Daren nan na zauna na karanta littafin duka, na ga yadda aka ɗauki Fitowa 20:5 aka gina gida a kanta aka ƙi ko ambaton Ezekiyel 18:20 inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, aka tsallake Galatiyawa 3:13 inda Almasihu ya fanshe mu daga la'ana, umarnin girmama uba da uwa kuwa da yake cikin wannan sura ta Fitowa 20 ɗin ko waiwayarsa ba a yi ba. Kusan shekara guda muka yi ni da fastonmu muna zama da yaron nan muna kwance abin da littafi ɗaya ya ƙulla. Marubucin yana da nasa alhakin, amma hannuna ne ya miƙa.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga mutum ya tura jerin littattafai ashirin a guruf ya rubuta dole kowane Kirista ya karanta, ka tambaye shi nawa ya gama ya fara kame-kame. Mutanen garin Biriya ko Bulus da kansa da ya yi musu wa'azi sai da suka riƙa bin Nassi kullum su ga ko haka ne, Ayyukan Manzanni 17:11, kuma yabonsu aka yi. Girman sunan marubuci ko yawan mabiyansa a Facebook ba hujja ba ne. Ni in ina karanta littafi Littafi Mai Tsarki yana buɗe a gefe, duk ayar da ya kawo sai na karanta surar gaba ɗaya, in na kama shi sau uku yana yanko aya daga muhallinta na rufe shi ke nan.

Kuma ka tambayi mutum kafin ka ba shi komai. Yaushe ya tuba, me yake fama da shi, da wane harshe yake jin daɗin karatu, ya taɓa gama Bishara ɗaya kuwa? Sabon tuba ni ba na ba shi littafin kowa, Bisharar Markus nake cewa ya karanta, sura 16 ce kawai, mu haɗu bayan sati biyu ya gaya mini abin da ya gani. Ƙaton littafin tauhidi mai shafi dubu ka bar wa wanda ya nema. Wanda karatu ke ba shi wuya ka sa masa Littafi Mai Tsarki na saurare a waya, akwai shi da Hausa, kada ka ba shi takarda ya kai gida ya ajiye don kunyar gaya maka.

Ɗan littafin ibadar safe mai aya ɗaya da labari yana da amfani, amma na ga waɗanda suka shekara biyar a kansa ba su taɓa karanta Romawa daga farko zuwa ƙarshe ba. Ka ba su shawarar su riƙa karanta surar da aka ciro ayar.

Tura kwafin littafin mutane a waya ba da izininsu ba, mu daina, guminsu ne, kuma sunan Kirista muke ɗauke da shi.

In ka ba da aro ka rubuta suna da rana a gaban mai karɓa. Ina da ƙaramin littafi na musamman don wannan, kuma in mutum ya dawo da shi ba na karɓa a tsaye, sai mun zauna ko minti goma ne ya gaya mini abin da ya fahimta da inda bai yarda ba. Da na yi wannan zaman da yaron can tun satin farko, da a babi na uku zan tare shi.